Wanda Ke Zaune a Kujerar Baya

Duk wanda ya yi zaman tashar Ƙaura Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Armiya'u direba. Tsohuwar fijo yake ja, ita ma ta wani ce, yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi ranar Alhamis, sauran ranaku kuma Zurmi ko Gusau. Hannunsa na da kyau a tuƙi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Yana zaune a gidan gado da mahaifiyarsa Inna Mero, da matarsa Rahma, da ɗiyarsu guda ɗaya, Murja. Ba su da yawa, amma ba su kwana da yunwa.

Sabuwar jiha ta zo da sababbin masu kuɗi. Wata rana zazzaɓi ya kayar da direban wani ɗan kwangila a Ƙaura, aka nemi wanda zai ƙarasa da Alhajin zuwa Shinkafi, 'yan tasha suka nuna Armiya'u. Motar baƙa ce wuluk, doguwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, tayoyinta masu faɗi. Kujerun fata ne, sanyi na fita ta ko'ina, ba ka jin ƙarar komai. Da suka fita gari Alhajin ya ce ya taka mata. Armiya'u ya danna totur, sai ya ji wani siririn fito ya taso daga cikin injin, motar ta manna masa baya da kujera, itatuwan bakin hanya suka zama kamar zane. Alhajin ya yi dariya ya ce wannan fiton shi ne tarbo. A kwana ba ta tangaɗi, a birki ba ta gardama. Kafin ya farga sun shiga Shinkafi.

Daga ranar nan Armiya'u bai sake jin daɗin komai nasa ba. Fijon ta zame masa kamar amalanke. Rahma ta lura tuwo yana saura a kwano, ta tambaye shi, ya ce gajiya ce. Wakili, wani tsohon ɗan kamasho a tasha, shi ya gane ciwon. Ya ja shi gefe ya gaya masa akwai wani boka Ɗantani, wanda tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya bar gari ya shige daji bayan Dauran. Ya kwatanta masa hanya, ya kuma ce shi dai bai aike shi ba.

Da tsakar rana ya isa, a cikin zafin bazara, bayan ya bar hanyar mota ya taka da ƙafa har duwatsu suka rufe shi. Bukkar tana ƙarƙashin wata busasshiyar tsamiya da babu ko tsuntsu a kanta. Ciki duhu ne da ƙarnin tsohon jini. Akwai wani tulu da aka ɗaure wa baki da jan ƙyalle, ƙahoni sun kewaye shi, an jera kawunan baƙaƙen bunsuru a jikin zana. Ɗantani ɗan ƙaramin tsoho ne mai ido ɗaya. Bai amsa sallama ba, ya ma ce kada a sake yi masa ita a nan.

"Mi kaka so?" ya tambaya.

"Arziki nika so, Baba. Da mota irin wadda babu mai ita a ƙasar nan."

"Motar za ta zo, abin sayenta ma zai zo. Amma ba kai kaɗai za ka hau ba. Akwai mai zama kujerar baya. Ba ka ganin shi, ba ka kora tai, kuma shi ka zaɓen abincinai."

Armiya'u ya ja da baya. Ya ce in dai jinin mutum ne, shi ba zai iya yanka kowa ba.

"Na ce ka yanka wani?" in ji tsohon. "Hannunka ba shi taɓa wuƙa. Kai dai tuƙi naka. In ba ka so, ga hanya nan."

Armiya'u ya dubi ƙofa. Ya tuna fiton nan da yadda kujera ta rungume shi, ya gaya wa kansa ƙila raguna ake nufi. Ya ce ya yarda.

Ɗantani ya sa shi ya tuɓe riga, ya kwance bakin tulun ya ɗebo wani baƙin ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara a cikin wannan zafi, ya wanke masa tafin hannuwa da ƙafar dama. Ya ba shi sauran a ƙoƙo ya ce ya shanye ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Ya shanye. A lokacin ne ya ji wani abu ya yi ajiyar zuciya a bayansa, bai kuwa waiwaya ba.

Kafin damina ta ƙare an ba shi jigilar taki, daga nan siminti. Ya sayi tifa, ya sayi tirela, ya rushe gidan gado ya gina na bulo. Shekara na zagayowa ya tafi Kwatano ya dawo da irin motar nan, baƙa, ta ma fi ta Alhajin nan sabunta. Jama'a suka cika ƙofar gida suna shafa ta. Direbobi suka riƙa cewa in ka ji fito a bayanka a hanyar Zurmi, kauce kawai, Armiya'u ne. Abu ɗaya ya dame shi: ko da ya kashe esi, kujerar baya ba ta rabuwa da sanyi, kuma fatar wajen kullum a lotse take kamar yanzu wani ya tashi.

Inna Mero ce ta fara shiga daga cikin iyalinsa. Ta ce ya kai ta Ɗan Isa ta gai da ƙanwarta, ta ga albarkar ɗanta da idonta. Ta zauna a baya tana sa masa albarka har suka isa. Suka juyo gida. Da ta sauka ta ce gefen jikinta ya yi sanyi. Ba ta ga Juma'ar da ta biyo ba.

Mutane suka ce tsufa ne. Armiya'u ya zauna a tabarmar makoki yana amsa gaisuwa, zuciyarsa kuwa ta riga ta gaya masa gaskiya. Ya kafa doka a gida cewa kada Rahma ko Murja su kusanci motar. Rahma ta ji zafin abin, ta ɗauka ƙyamarsu yake yi tun da ya yi kuɗi, amma ta haɗiye. Ya yi niyyar sayar da motar ya fi a ƙirga. Duk sanda ya zauna a gaban sitiyari ya ji fiton nan, sai ya ce bari sai wani watan.

A damina ta gaba, wata ranar da hantsi, maciji ya sari Murja a bayan gida wajen ɗebo kara. Kafin a ɗauko ta ƙafar ta kumbura, dasashinta ya fara jini. Aka aika asibitin Ƙaura, aka ce maganin ya ƙare, sai Gusau, kuma a yi sauri. Manyan motocinsa duk suna kan hanya. Armiya'u ya tsaya yana waige-waigen wata motar, Rahma kuwa ta riga ta buɗe ƙofar bayan baƙar motar da yarinyar a kafaɗa.

"Rahma, kada ki sa ta nan. Bari in nemo ta haya."

"Baban Murja, ɗiyarka na mutuwa kana tausayin kujera?"

Bai iya gaya mata ba. Ya shiga ya tayar.

Bai taɓa tuƙi irin na ranar nan ba, motar ma ba ta taɓa ba shi abin da ta ba shi ba. Allurar maleji ta kwanta har ƙarshe, kwalta jiƙe da ruwa amma tayoyin ba su zame ba, ya riƙa wuce manyan motoci kamar a tsaye suke. Yana kuka yana ƙoƙarin yin addu'a, harshensa ya ƙi juyawa. Sun hango gine-ginen Gusau ke nan Murja ta buɗe ido, ta yi magana a hankali.

"Inna, ki ce ma tsohon ga shi matsa. Ya danne ni."

Rahma ta juya ta dubi gefen yarinyar. Armiya'u ya gani ta madubi yadda fuskarta ta canza. Ba ta yi ihu ba, bakinta kawai ya buɗe. Da suka tsaya a ƙofar asibiti Murja ta riga ta cika.

Rahma ba ta sake dawowa daidai ba. Ta daina gane mutane. Takan zauna ta toshe kunnuwa ta ce ana yi mata fito, ko ta share gefen tabarma ta ce a bar wa baƙo wuri. Iyayenta suka zo suka tafi da ita Zurmi, malamai suka yi ta ruƙiyya, abin sai wanda ya ƙaru, har sai da aka sa mata mari a ƙafa don kada ta faɗa rijiya.

Armiya'u ya koma bayan Dauran. Ya tarar bukkar ta rushe, ciyawa ta cinye wajen, wani makiyayi ya ce masa tsohon ya daɗe da ƙetarawa Nijar. Ya dawo ya ja motar zuwa wani fako a hanyar Banga, ya tuttula mata fetur ya cinna mata wuta. Ya tsaya har ta zama ƙarfe. Bayan haka tirelar ta kife da direbanta, tifar ta ƙone, aka sayar da gidan. Da bakinsa ya gaya wa limamin unguwarsu duk abin da ya yi, liman ya ce ƙofar tuba a buɗe take. Ya tuba, ya riƙe salla, amma bai sake shiga mota ba har ya bar duniya.

Shekaru da yawa direbobi suna ganinsa a bakin hanya, ya rame, gemu ya yi fari, yana takawa daga Ƙaura zuwa Zurmi da ɗan ƙullin fura zai kai wa Rahma. Tsofaffin abokansa sukan tsaya su roƙe shi ya shigo. Sai ya girgiza kai, ya ce yana tsoron kada ya shigo musu da wani. In ya isa yakan zauna nesa da ita ya kira sunanta, ita kuma ta tambaye shi ko shi wane ne.

Kai da idonka ya ƙyalla abin wani har barci ya ƙaurace maka, ka tsaya ka dubi waɗanda ke cin tuwo tare da kai. Boka ba zai taɓa faɗa maka farashinsa a fili ba, kuma ba daga aljihunka zai karɓa ba. Armiya'u ya sami motar da ya nema, ta kuma yi gudun da ya so. Da hannunsa ya tuƙa uwarsa da ɗiyarsa zuwa kabari.