Makullin Saman Soro

Matakala sittin da biyu ce daga ƙofar gidan su Muɗahhar zuwa saman soro, kuma Nabiha ta san kowace ɗaya da gwiwoyinta, domin kullum da hantsi a durƙushe take goge su, ga cikin wata bakwai, ga ƙugu da ke mata zugi kamar ana sara. Idan ta kai ta ƙarshe sai ta tarar da abin da ta saba tararwa, ƙofar katako da ƙaton kwado a jiki, da wani siririn hasken rana da ke leƙowa ta ƙarƙashi. Nan take shimfiɗa tafin hannunta a kan hasken ta lumshe ido, hawaye na bin kumatunta. A nan ne kuma take jin abin nan da ba ta iya gaya wa kowa, wani ɗan siririn numfashi mai fito, daga can ƙasan matakala... numfashin Luɗfi, ɗanta na fari, wanda ya yi shekara biyu a ƙarƙashin ƙasa.

"Ke baƙauya, kin mutu ne a can sama?" Muryar surukarta ce, Hajiya Taƙiyya, daga ɗakin girki.

"Ga ni nan, Gwaggo. Ƙuguna ne ya riƙe."

"Ƙugunki! Ni haihuwa tara na yi a gidan nan, ko kofi ban taɓa yarwa ba. Sauko ki ɗora miyar salta."

Nabiha marainiya ce daga duwatsun Haraz. A gonar gahawa ta tashi, rana na dukanta tun daga fitowa har faɗuwa, tana hawa dutse da tulu a ka ba ta ko haki. Muɗahhar direban babbar mota ne tsakanin San'a da Hudaida, a hanya ya gan ta, ya so ta, ya aure ta, ya kawo ta gidan uwarsa a tsohon garin San'a, sannan ya koma kan titi, sai bayan kwana goma ko sha biyar a ga fuskarsa. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma irin mazan nan ne da idan uwarsu ta ce fari baƙi ne sai su je su duba idonsu.

Mu matan lungun nan, saman soro shi ne duniyarmu. Can muke shanya, can muke tsefe kai, can muke jefa wa juna gulma ta kan katanga. Ni da nake ba ku labarin nan katangarmu ɗaya da su, kuma sau uku kacal na ga Nabiha a sama kafin a sa kwado. Hajiya ta ce yarinyar ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ba za ta zaunar da ita gaban mata ranar zaman jego a yi mata dariya ba, kuma idon maƙwabta ba ya barin mai ciki lafiya. Ta rataya makullin a wuyanta tare da layarta. Tagogin ɗakin Nabiha kuwa na gilashi mai launi ne, masu kyau a ido, sai dai abin da suke shigo da shi ja ne da kore, ba rana ba. Idan fita ta kama, a lulluɓe take tun daga kai har ƙafa, kamar mu duka.

Luɗfi kwana hamsin ya yi a duniya. Wata ranar Talata bayan azahar ya sanƙare a cinyarta, 'yan yatsunsa suka dunƙule, numfashinsa ya koma fito, kafin a samo mota ya cika. Tun ba a ɗauke tabarmin gaisuwa ba Hajiya ta fara raɗa wa mata cewa Ummu Sibyan ce, aljanar nan mai cin jarirai, ta biyo yarinyar daga ƙauyensu. Maganar ta zaga lungu kafin mako. Allah Ya yafe mini, ni ma ina cikin waɗanda suke janye 'ya'yansu idan ta zo wucewa.

Da ciki na biyu ya shiga, Muɗahhar ya yi abin kai sau ɗaya, ya kai ta asibiti. Wata likita mai suna Jawahir ta ga yadda take tafiya tana rangaji, ta rubuta mata bitamin D, ta ce ta riƙa shan ɗaya kullum, ta ci kifi da ƙwai da hanta, ta kuma riƙa zama a rana. Muɗahhar ya sayo kwalabe shida, ya kawo gida, ya miƙa wa uwarsa.

"Yumma, ga shi, ke za ki fi tunawa."

"Kawo nan, ɗana. Zan riƙa narkar mata a shayin ɓawon gahawa, kada ya maƙale mata a wuya."

Daga ranar, kullum da safe Hajiya kan miƙa mata kofi ta ce maganinta na ciki, Nabiha ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah Ya saka. Kifin da Muɗahhar ke kawowa daga Hudaida kuwa ko ƙamshinsa ba a bari ta shaƙa sosai. Hajiya ta ce kifi da ƙwai suna ƙara wa ɗa girman kai, uwa ta kasa haihuwa. Gurasa da shayi da tuwon asida, su ne abincinta har ta sauka.

Ta haifi mace, aka sa mata Sundus. Kwana arba'in Nabiha ta zauna a ɗakin jego cikin hayaƙin turare, labule a sauke, mata suna shigowa jefi-jefi suna kallon jaririyar daga nesa. Yarinya ce mai yawan gumi da kuka, tsakiyar kanta laushi tuɓus. Da ta kai wata huɗu Hajiya ta lura ƙafafunta ba su miƙe yadda take so ba, sai ta karɓe naɗin zane daga hannun uwar, ta riƙa haɗe ƙafafun tana ɗaure su tamau har zuwa ƙirji. Wata safiya tana cikin ja, Sundus ta ƙwalla wata irin ƙara da na ji ta ta cikin bango. Kafin azahar cinyar ta kumbura.

A ranar Muɗahhar ya dawo. Tun a ƙofa uwarsa ta tare shi tana dukan ƙirji.

"Na gaya maka, ba ka ji ba. Ta cinye na fari, yanzu ta karya ta biyu. Da idona na ga ta a kan yarinyar, idonta a juye."

Nabiha ta faɗi a gabansa ta kama ƙafarsa. "Abu Luɗfi, ka ji tsoron Allah... ni zan karya abin da na haifa? Gwaggo, ki faɗi gaskiya, a hannunki..."

"Ka ji ko? Yanzu kuma ni ce. Marainiyar da na rufa wa asiri!"

Muɗahhar ya janye ƙafarsa, bai ko dube ta ba. Ya ce da zarar an ɗaure cinyar yarinya zai mayar da Nabiha Haraz wurin kawunta, Sundus kuwa a hannun kakarta za ta zauna. Wayyo Nabiha! Ba ta da uwa da za ta kai wa kuka, ba ta da uba da zai tsaya mata, ga ɗa ɗaya a kabari, ɗayar kuma za a cire mata ita daga nono. Ta ɗaga ido sama, babu sama sai rufin ɗaki, ta ce, "Ya Allah, Kai kaɗai Ka gani. Idan ni ce, Ka ɗauki raina yanzu. Idan ba ni ba ce, kada Ka raba ni da 'yata."

Muɗahhar ya ɗauki yarinyar za a kai ta ɗaurin cinya, Nabiha na biye da shi. Ba su kai bakin lungu ba yarinyar ta sanƙare. 'Yan yatsun suka dunƙule, numfashin ya koma fito, wannan fiton dai da Nabiha ta yi shekara biyu tana ji a matakala. Ta fizge 'yarta daga hannun uban, ta ruga. Matar da ko tsayuwa ba ta iya yi sai da dafa bango, ranar da gudu ta kai titi, mayafinta na jan ƙasa.

Da suka isa asibiti, Likita Jawahir ce a bakin aiki. Aka ɗaura wa yarinya ruwa, aka yi mata allura, a hankali jikin ya saki, numfashin ya daidaita. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jinin uwa da na 'ya. Kwana biyu Nabiha na zaune gefen gado ba wanda ya yi mata magana. A na uku likita ta kira su ita da mijin, ta ɗaga hoton.

"Malam, wa ya ce maka matarka ce ta karya yarinyar nan?"

"Mahaifiyata ce ta gani."

"Ƙashin 'yarka laushi gare shi. Ɗaurin zane mai ƙarfi ma ya isa ya karya shi. Bitamin D ne babu a jikinta, shi ne ke taimaka wa jiki ya gina ƙashi, rashinsa ne kuma ya kawo sanƙarewar nan. Jariri daga jikin uwa yake samu tun yana ciki, uwar kuwa ga sakamakon jininta, kusan babu komai." Ta juya ga Nabiha. "'Yar'uwa, ba ni na rubuta miki magani ba? Me ya hana ki sha?"

"Wallahi na sha, Likita. Kullum Gwaggo na narkar mini a shayi."

Likita ta dube ta. Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko ƙwaya ɗaya, 'yar mitsitsiya mai ruwan zinare, ta ɗora a tafin hannunta. "Kin taɓa ganin wannan?"

"A'a."

"Mai ne a cikinta. Da an sa miki a shayi da kin gan shi yana yawo a sama. Rana fa, kina samu?"

Nabiha ta sunkuyar da kai. "Shekara uku ke nan da aka kulle sama."

Muɗahhar ya matso kusa da tebur. "Likita... na farkon, namijin, haka shi ma ya yi."

"Ban gan shi ba, ba zan rantse maka ba. Amma abin da kuka kwatanta, irinsa ne."

Ina zaune a ɗakin Hajiya tare da mata huɗu muna taya ta jaje lokacin da Muɗahhar ya shigo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi sallama ba.

"Yumma, ina kwalaben da na ba ki?"

"Waɗanne kwalabe? Ai ta shanye."

"To nuna mini ko guda ɗaya wadda babu komai ciki."

Ta ce bari ta duba. Ta tashi ta hau sama da sauri irin wanda shekarunta ba su yarda da shi ba. Ashe a akwatin da take ajiye likkafaninta ta ɓoye su, domin a ganinta ƙwayar asibiti ma kumbura ɗa take yi, zubar da abin da aka saya kuma zunubi ne. Ta ƙunso su a gefen zane za ta kai saman soro ta jefa bayan gida. Hannu ɗaya na riƙe da ƙunshin, ɗayan na laluben makulli a wuya, ƙafarta ta zame a kan matakalar da Nabiha ta saba gogewa. Muka ji faɗuwarta, muka fito a guje. Kwalabe biyu sun fashe, ga 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan zinare suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle daga matakala zuwa matakala, har suka taru a ƙafafunmu. Sauran huɗun ko murfinsu ba a taɓa buɗewa ba. Muɗahhar ya durƙusa ya tsinci ɗaya, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Ƙashin ƙugun Hajiya ya karye. Likitoci suka ce ita ma ƙashinta ya daɗe da lalacewa, shekara hamsin tana gudun rana. Ba ta ƙara taka matakala ba. Aka kwantar da ita a ɗakin ƙasa, matan da suka saba cika mata ɗaki suka ɗauke ƙafa, ɗanta kuma yakan tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta ya wuce.

Ranar da aka sallamo Sundus, Muɗahhar ya tara mu a gidan, ya tsaya a gabanmu ya ce matarsa ba ta da aljana, ba ta taɓa cutar da ɗanta ba, shi ne ya cuce ta. Ya nemi gafararta muna ji. Ni ma na matsa na kama hannunta, ina kuka. Ta ce ta yafe mana. Sannan ya ɗauko guduma ya hau sama, bai ko nemi makulli ba.

Yanzu kullum da hantsi ina ganinta ta kan katanga, ta naɗe hannun riga, Sundus na tafiya da ƙafafunta tsakanin igiyoyin shanya. Na taɓa tambayarta ko har yanzu tana jin fiton nan. Ta ce tun ranar da aka fasa kwadon bai ƙara zuwa mata ba.

Ita ce take jinyar Hajiya, domin babu wani da ya tsaya mata. Jiya na raka ta ɗakin ƙasa da kofin ruwa. Tsohuwar ta rame, idonta na kan ƙofa, ta kamo gefen zanen Nabiha.

"'Yata... kina ji? Yaron nan ne a matakala. Tun safe yake fito, ya ƙi yin shiru."

Nabiha ta saurara, ta girgiza kai a hankali, hawaye ya cika mata ido. "Ni ba na jin komai, Gwaggo. Ki roƙi Allah, Shi mai gafara ne." Sai ta buɗe tafin hannunta, ga 'yar ƙwaya mai ruwan zinare, ta kai mata baki. "Ga maganinki. Haɗiye ina kallo."