Muryar Baba a Rediyon Kaka

A garin Batsari akwai wata yarinya mai suna Adawiyya. Tana aji shida a firamare. A gidansu ita ce gwanar waya. Duk abin da ya gagari Inna a waya, ita ake kira. Har Baffa Mati, ƙanen babanta, ya raɗa mata suna Injiniya. Tana son sunan nan ƙwarai.

Babanta makiyayi ne. Ya kora shanu can gaban Babban Duhu a ƙasar Safana, sai aka daina jin labarinsa. Ana nan, sai aka fara raɗe-raɗin cewa ɓarayin daji sun tare wasu makiyaya a wannan yanki.

Maganar ta kai kunnen Kaka, wadda ke zaune a ruga kusa da Ruma. Baba shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari, Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba za ta buɗe baki ta tambayi lafiyarsa ba. Sai kawai ta daina cin abinci. Fura ma sai ta ture ƙwaryar. Jikinta ya yi rauni, amma ta ƙi yarda a kawo ta asibiti.

Wata ranar Alhamis, saƙon murya ya shigo wayar Inna. Baba ne. Ya ari wayar wani mutum, ya hau tudu inda ake samun sabis. Ya ce yana lafiya, shanu ma lafiya. Ya gaida kowa da sunansa. Inna ta yi ta hamdala tana share hawaye.

Baffa Mati ya ce ko ya je ya faɗa wa Kaka da baki, ba za ta yarda ba. Za ta ce ɓoye mata ake yi, kamar yadda ake ɓoye wa tsofaffi mugun labari. Sai ta ji muryar da kunnenta. Ga shi rugar babu sabis. Wayar Inna kuma dole ta zauna a gari, ko Baba zai sake kira.

Amma Kaka tana da ƙaramin rediyo mai cin memori, wanda take jin karatun Alƙur'ani da shi.

"Injiniya, ga aikinki," in ji Baffa. "Sa mana muryar a memori. Ki yi sauri. Dole in kama hanya kafin la'asar, kin san halin hanyar."

Adawiyya ta karɓi wayar. Ta san rediyon Kaka ba ya karanta komai sai MP3. Saƙon Baba kuwa sunansa ya ƙare da wasu haruffa daban. Ta buɗe manhajar da ke juya sauti. Ta sa saƙon a ciki. Sai wani jan rubutu ya fito, yana cewa manhajar ba ta san irin wannan fayil ba.

Ta sake gwadawa. Jan rubutun ya sake fitowa.

A waje Baffa ya riga ya tada babur. Ya leƙo yana dariya, yana tambaya ko yau an kayar da Injiniya ne. Kunya ta kama ta. Ba ta so ta ce ta kasa.

Sai wata dabara ta faɗo mata. Ta ɗauke saƙon gaba ɗaya daga wayar, ta mayar da shi cikin memori. Ta goge haruffan ƙarshen sunan, ta rubuta MP3 a wurinsu. Da ta duba, ya yi kama da sauran fayilolin karatu sak.

"Kin gwada kuwa?" Inna ta tambaye ta. "Maƙwabta suna da irin rediyon."

"Na gwada, Inna," in ji Adawiyya. Ba ta ɗago kai ba.

Baffa ya ƙulle memorin a ƙyalle, ya sa a aljihu, ya tafi.

Washegari da hantsi ya dawo. Bai yi sallama da barkwanci kamar kullum ba. Ya zauna a kan tabarma, ya cire hula. Ya ce ya tara mutanen ruga, ya sa memorin a rediyo, kowa ya yi shiru. Rediyon ya tsallake saƙon, ya kama karatu. Baffa ya dawo da shi baya, rediyon ya sake tsallakewa. Kaka ta dube shi ta ce ba sai an wahalar da ita da wasa ba, in Allah ya yi ikonsa a faɗa mata kawai. Daga nan ta juya fuska bango. Ko ruwa ba ta karɓa ba.

Inna ta ɗauko waya da sauri don a sake kwafa. Saƙon ba ya nan. Ta kira lambar da Baba ya ara, ba ta shiga.

Adawiyya ta tuna ɗauke saƙon ta yi gaba ɗaya, ba kwafa ba. Muryar Baba guda ɗaya ce tak, ga ta a cikin memorin, kuma ta ƙi magana.

Inna ta yafa mayafi, ta kama hannunta. Suka nufi gidan Malama Safiyyatu, mai koya musu kwamfuta a makaranta. Baffa na biye da su.

Bayan gaisuwa, Malama ta sa memorin a kwamfutarta. Ta danna fayil ɗin. Kwamfutar ta ce wannan MP3 ya lalace. Ta sa shi a wata manhaja, ita ma ta ƙi karɓa. Malama ta tambaya ko memorin ya faɗa ruwa, ko an zare shi ana tsakiyar kwafa. Baffa ya ce shi dai daga aljihunsa sai rediyo.

"To in lalacewa ya yi da gaske, babu abin da zan iya," in ji Malama a hankali.

Inna ta runtse ido tana salati. Baffa ya sunkuyar da kai.

Adawiyya ta san ba lalacewa ya yi ba. In ta faɗa, kowa zai san ta yi wa Inna ƙarya. In ta yi shiru, Malama za ta zare memorin, shi ke nan. Ta tuna Kaka kwance, fuska a bango.

"Malama," ta ce, "ba juya shi na yi ba. Manhajar ta ƙi. Suna kawai na canza masa. Kuma ban gwada ba."

Baffa ya ɗago kai. Inna ta dube ta. Wannan kallon ya fi bulala zafi.

Malama ta jawo ta kusa. Ta tambaye ta, in aka zuba gero a buhu aka rubuta "gari" a jikin buhun, zai tuƙu? Adawiyya ta ce a'a, sai an kai inji. Malama ta ce to haka sauti yake. Sunan fayil rubutun jikin buhu ne. Rediyo ya ga an rubuta MP3, ya buɗe ya tarar da wani abu daban, shi ya sa ya tsallake.

"Yanzu ki nutsu, ɗiyata. Me aka rubuta a ƙarshen sunan kafin ki goge?"

Adawiyya ta rufe ido. Kanta ya ɗauki zafi. Ta tuna akwai "o" a farko. Ta motsa yatsa a tafin hannunta kamar tana rubutu.

"Opus," in ji ta.

Malama ta mayar wa fayil ɗin sunansa na asali. Ta fara ajiye kwafinsa a kwamfuta. Sannan ta buɗe manhajar da ta san wannan nau'in, ta zaɓi MP3, ta danna. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Ya kai tsakiya ya tsaya. Adawiyya ta riƙe numfashi. Sai ya zarce har ƙarshe.

Malama ba ta miƙa memorin ba. Ta aika aka aro rediyo irin na Kaka, ta ba Adawiyya ta ce ta gwada da hannunta.

Adawiyya ta danna. Sai ga sallamar Baba, ga kukan shanu a bayansa.

Baffa bai tsaya shan ruwa ba. Ya hau babur tun rana na tsaka.

Kafin ya dawo, Adawiyya ta durƙusa ta ba Inna haƙuri. Inna ta ce kasawa ba laifi ba ce, ƙaryar ce ta kwanar da tsohuwa da yunwa. Ta ce ta nemi gafarar Allah, sannan ta nemi ta Kaka.

Ranar Asabar babur ya tsaya a ƙofar gida. Kaka ce a baya, ta rame, ta rungume rediyonta. Ta yarda a kai ta asibiti. Baffa ya ce ƙwarya guda ta fura ta shanye kafin su taso.

Adawiyya ta durƙusa ta faɗa mata duk abin da ta yi. Kaka ta ja mata kunne kaɗan, ta ce ta yafe. Sannan ta tura mata rediyon, ta kawar da kai gefe.

"Kunna mini abin nan kuma, ƙawata," in ji ta. "Ba don kowa ba. Lafiyar shanun ce ban ji sosai ba."

Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. Adawiyya ta kunna.

Tun daga ranar, in abu ya gagare ta, sai ta ce ya gagare ta, ta nemi wanda ya sani. Ba ta ƙara cewa ta gama aiki ba sai ta gwada shi. Yara, ku riƙe wannan: canza wa abu suna ba ya gyara shi, kuma faɗin "ban iya ba" ya fi ƙaryar "na gama".