Tsamiyar Kufai

Ƙauyensu Ɗalha, can bayan Giwa Tazo, gida tara ya rage. Bana sai ya sare tsamiyar tsohon kufai, ya baje wurin, ya ƙara fangalin albasa, bai shawarci kowa ba.

Wani dare yana ban ruwa, injin ya mutu haka kawai. Wata tsohuwa ta taho cikin laka tana dube-dube, ƙafarta ba ta barin sawu.

Ta ce, "Maigidana, ina tsamiyar nan? Da ita nika gane makwancina."

Mutum ɗaya ce ke kiransa haka, kakar da ta goye shi, yau shekara ashirin da rasuwarta. Ɗalha ya sunkuyar da kai. Kan fangalin da ya fi albarka take tsaye.