Jar Ƙofa a Gindin Kango

"Kowa ya sauko! Hannu sama!"

Gethin ne, ogan gungun, ya doki gilashin motar gwamnati da gindin bindiga. Rana tsaka fa, a kan gadar garinmu! Direba ya diro, hannu sama. Tsohuwa Mis Probert kuwa ta rungume akwati.

"Zane ne kawai, 'ya'yan nan! Fentin ruwa ne a kan takarda!"

"Iya, saki kayan nan kar ki ja wa kanki."

Gwamnati ce ta sa ta zana tsofaffin gine-ginen Wales kafin jiragen Jamus su gama da su. Yanzu za a ɓoye zanen a ramin dutse har yaƙi ya ƙare.

Ƙanena Emrys ne ke tuƙa motar ɓarayin. Wawa! Bai taɓa satar ko allura ba. Takarda ɗaya yake so: zanen kangon tsohuwar fada, da gidansa mai jar ƙofa a gindinsa, da matarsa Nesta tana shanya. Bam ya share layin, har da ita. Ko hotonta bai tsira ba. Ya je ofis ya roƙa a nuna masa, aka ce kayan gwamnati ne, ya dawo bayan yaƙi.

Gethin ya fizge akwatin, ya jefa a motarsu. "Taka ta, yaro!"

Suka fizga. Saja Bevan, ɗan sandan garinmu, ya biyo su da jiniya, yana zagin tsohuwar motarsa.

Emrys ya ce, "Oga, rabona. Ka yi alkawari."

Gethin ya fasa gilashin zanen, ya cusa masa takardar cikin riga. "Ga matarka nan. Tsaya, ba ni sitiyari."

Emrys na sauka — tau! Gethin ya ɗirka masa harsashi a cinya.

"Yi haƙuri, abokina. Dole 'yan sanda su samu abin tsayawa."

Motar ta ɓace. Jiniya na matsowa. Shi kuma, maimakon ya kwanta ya jira, sai ya dafe ƙirji ya faɗa kogi. Haba, Emrys! Kai da ka ji matar nan ta ce fentin ruwa ne!

A gaɓa suka tsamo shi. Saja ya zaro takardar tana ɗiga. Kangon na nan, layi-layi. Gindinsa kuwa jan tabo ne kawai ya malale.

Ƙafar dai yanke ta aka yi. Gethin har yau ba labarinsa, haka sauran zanen. Ina zaune gefen gadon asibiti, ɗan sanda na tsaye a ƙofa, sai ga Mis Probert ta shigo dubiya. Wallahi na tsani alherin nan nata.

"Kangon da fensir na fara jansa, shi ya sa ya tsaya," in ji ta. "Matarka kuwa ina cikin aiki ta fito, sai na ɗiga ta da buroshi."

"Iya, sake zana min ita," in ji Emrys. "Don Allah."

Ta daɗe tana juya jakarta.

"Ɗana, kangon aka aike ni zanawa. Ban kalli fuskarta ba."