Teburin Limbani a Bakin Ƙofa

Ranar da Tiyamike ta fara ganin Limbani, turo wata tsohuwa yake a keken marasa lafiya, yana cika mata baki cewa duk Zomba babu direban da ya kai shi iya kwana. Tsohuwar sai dariya take, ta manta ɗakin tiyata za a kai ta. Tiyamike ta ɗago kai daga tagar ba da magani, idanunsu suka haɗu, saura ƙiris ya daki bango.

"Direba, kalli hanya," in ji tsohuwar. "Yarinyar ba guduwa za ta yi ba."

Daga nan tafiya ta miƙa. Kafin damina ta wuce, sun saba cin nsima, wato tuwon masara, da wake tare a bayan asibiti, shi yana kiranta Tiya, ita tana ce masa Direbana.

Matsalar ta ɓullo daga Malume Kachingwe, yayan mahaifiyarta, wanda maganar aurenta ke hannunsa.

"Mai tura keke?" ya ce. "Ga ɗan Phiri yana aikin banki yana ta aiko gaisuwa, ke kuma kin kawo mini mai tura keke?"

"Malume, mutumin kirki ne."

"Ban ce mugu ba ne. In an tambaye ni aikin surukina, me zan ce?"

A makon ne aka buɗe gurbin mai tsara aikin masu tura keke. Kujera ce da tebur a wani ɗaki mara taga. Limbani bai so ba, amma Tiyamike ta matsa, har da kuka. Ta tura masa saƙo:

"Direbana, in da gaske kana sona ka nemi kujerar nan. Kada ka bari a raba mu."

Ya amsa: "Saboda ke, Tiya, zan nema."

Ya samu. Malume ya sauko, aka fara zancen baiko. Sai dai Limbani ya zama wani mutum. Ya daina barkwanci, abinci ma tsakura yake. Da fari Tiyamike ta zaci wata ce ta shiga tsakaninsu, ta yi kwanaki tana shan ƙamshi. Ran nan ta kai masa ayaba ofis, ta tarar ya ɗan buɗe ƙofa yana leƙen wani sabon ma'aikaci da ke tura dattijo kamar buhun masara, ko sannu ma'aikacin bai yi wa dattijon ba. Hannun Limbani na kan tebur yana motsi, kamar mai riƙe da keke.

Ta juya da ayabarta ba tare da ya gan ta ba. Ranar sau biyu abokiyar aikinta tana taɓa ta kafin ta ji ana magana. Ita Tiyamike ce ta saka shi a ɗakin nan, da hawayenta, sannan ta zo tana zarginsa. Da aka tashi ta rubuta masa:

"Na cuce ka. Na raba ka da abin da kake so don in ji daɗin shiga gidan Malume. Ka koma kekenka, ko da auren zai fasu. Ka yafe mini."

Bai amsa ba. Tana jiran motar gida a tasha sai ga shi, yana haki.

"Wa ya ce miki auren zai fasu?"

"Kai ba ka ga yadda ka koma ba? Ni na jawo."

"Kin roƙa, ni kuma na yarda. Laifin namu ne mu biyu. Tiya, aikin ba shi ne ya dame ni ba, bangon ne. Wa ya ce dole sai a cikin ɗakin zan yi shi?"

Washegari suka je wurin shugabar ma'aikatan jinya tare, suka roƙi a bar shi ya fito da teburinsa baranda. Ta ja, ta ce baranda ba ofis ba ce, daga baya ta ce a gwada a gani. Da kansu suka ɗauko teburin suka girke a bakin ƙofar shiga. Daga nan yake raba aiki, yana tarbar kowa, yana koya wa sababbi su fara tambayar mara lafiya sunansa kafin su taɓa keke. Mutum na farko kowace safiya kuwa, shi yake tura shi da hannunsa.

Duk da haka Tiyamike ta daɗe tana satar kallonsa daga tagarta. Sai ranar da ta jiyo shi yana faɗa wa wani dattijo ya riƙe hula za a sha kwana, sannan ta iya cin abinci da kyau.

A wurin biki Malume ya miƙe da kwat ɗinsa, ya shaida wa jama'a surukinsa babban jami'i ne mai ofis. Limbani ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kada ki gaya masa iska na kwashe mini takardu."

Ta danne dariya, ta matse hannunsa. Mahaifiyarta ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa kowannenku ya zama wurin hutun ɗan'uwansa."

Jama'a suka amsa da amin.