Kanumfarin da Aka Goge a Kati

Ya shiga shagon turaren ne riƙe da tabarau ɗin da mai shagon ya kai masa gyara a tsallaken titi. Tsohon ba ya nan. 'Yarsa ya tarar a bayan kanta, ta sunkuya tana ɗura turare daga babbar kwalba zuwa ƙanana da sirinji.

"Baba ya fita," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ajiye a nan. Kar ka jingina da kantar, hannuna zai girgiza."

Ya ajiye. Bai jingina ba, bai kuma tafi ba. Sai da ta cika kwalbar ƙarshe ta rufe, sannan ta dube shi.

"Akwai wani abu?"

"Ƙafar tabarau ɗin ce nake tunani. Wataƙila gobe sai na sake ɗaure ta."

"Yanzu fa ka ɗaure ta."

"Irin waɗannan ƙafafun ba su da tabbas."

Ta yi murmushi ta juya ga aikinta. Daga ranar, babu tabarau ɗin da ya sha gyara a titin nan kamar na Baba. Tsohon ya gane tun da wuri, ya yi shiru, don yaron mai natsuwa ne, kuma idonsa bai taɓa ganin rubutu tar haka ba.

Shi ya sa mata suna 'Yar Kwalba, ita kuma Mai Tabarau take ce masa. Yawancin hirarsu a waya ce, tsakanin mai saye da mai saye.

"'Yar Kwalba, yau wani da nake gwada wa gilashi ya ce ina ƙamshin lemo. Na ce masa ba laifina ba ne."

"Ka daina tsayuwa inda nake ɗuri. Ban ce ka daina zuwa ba."

Da magana ta yi ƙarfi, Baba ya ce shi ba shi da ta cewa, sai dai yaron ya je ya shawo kan nasa gidan. Gidan kuwa mutum ɗaya ce, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama.

Mama ta yi aikinta har ta yi ritaya a asibitin haƙori. A can ana amfani da man kanumfari wajen kwantar da ciwo, kuma warinsa ya bi ta shekara da shekaru, tare da ƙarar injin da kukan yara. Tun da ta bar aiki ta hana kanumfari shiga gidanta, ko a kicin. In ta shaƙe shi, kanta ke sarawa.

Mai Tabarau ya yi niyyar kai mata turare daga hannun yarinyar kafin ya gabatar da ita. Ranar da ya je shagon ya cika, 'Yar Kwalba na fama da wasu mata uku. Bai so ya dame ta ba. Kowace kwalba akwai ɗan kati a rataye a wuyanta, da sunayen ƙamshi guda uku. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda yake karanta takardar likitan ido, wadda duk abin da ba a rubuta a cikinta ba babu shi. Ya sami wanda ya ce: wardi, sandal, lemo. Ya ɗauka.

Mama ta fesa da safe za ta unguwa. Ƙamshin ya yi mata daɗi, har ta ce yarinyar ta iya zaɓe. Kafin azahar lemon ya tafi, wardin ya lafa, wani abu ya taso daga ƙarƙashi. Ta dawo gida da ciwon kai, ta jiƙa mayafin a bokiti.

"Ka ce ka duba," ta ce masa, tana kwance da tsumma mai sanyi a goshi.

"Na karanta katin, Mama. Babu shi."

"Ni za ka gaya wa warin kanumfari?"

Da abin ya tsaya a nan, da ya wuce. Amma akwai mai shagon waya a jikin shagon turaren, wanda ya taɓa neman 'Yar Kwalba ta ce masa a'a cikin ladabi. Da ya ji labari ya yi ta tono a durowarsa, ya zaro tsohuwar kwalbar wannan turaren da ya saya bara. Katinta ya ce: wardi, kanumfari, sandal.

"Ni dai ban ce komai ba," ya ce, yana miƙa wa Mai Tabarau. "Kai ne mai gyaran ido."

Mai Tabarau ya ɗauki hoton katin ya tura wa 'Yar Kwalba.

"Ku kuka goge shi?"

"Eh, mu ne. Me ya faru?"

Bai amsa ba. Mama ta ga hoton, ta ce ita ba ta da rigima da kowa, amma gidan da ake goge abu a rubuce don a sayar, ba za ta ɗauko suruka daga cikinsa ba. Tabarau ɗin Baba ya daina lalacewa. Daga Baba 'Yar Kwalba ta ji sauran labarin, shi kuma daga bakin mai wayar, wanda ya kasa riƙe shi.

Ba ta yi kuka a shago ba. Ta rubuta wa Mai Tabarau saƙo ɗaya.

"Da ka tambaye ni, da na ce maka kar ka ɗauki wannan. Ba ka taɓa gaya mini zancen Mama da kanumfari ba. Ka nema mini izini in zo in gaishe ta. In ta ƙi bayan haka, shi ke nan."

Mama ta ce ta zo, gaisuwa ba a hana ta.

Ta zo da yamma da ƙaramar jaka. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya jiki, ta ba da haƙuri. Mai Tabarau na tsaye a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Mama. "Me ya sa kuka cire sunan?"

"Saboda ba ya sayuwa da shi, Mama. Mata na karantawa su ce ba za su yi warin kayan yaji ba, su ajiye tun ba su sunsuna ba. Baba ya goge ya sa lemo, don shi ake fara ji. Turaren bai canja ba."

Mama ta ɗan gyara zama. Ta zaci za a kewaya da ita.

"Wato kun san yana ciki."

"Mun san ana jin sa. Amma ba mu zuba shi ba." Ta buɗe jakar ta fito da siririyar takarda a nannaɗe cikin leda. "Wannan man wardi ne zalla, tun safe na ɗiga shi. Daga nesa kawai, Mama, kar kanki ya tashi."

Mama ta riƙe ta da nisa, ta ja numfashi kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Ga shi nan kuwa."

"Da shi wardin ke zuwa, ɗan kaɗan. Yawancin mutane ba sa kama shi. A kwalbar nan akwai abu ya fi ashirin, kati kuwa uku yake ɗauka, in sun fi haka mai saye ya rikice. Wani sunan ma babu abinsa a ciki, mayuka biyu ne suka haɗu suka ba da kamarsa. Kati kwatance ne, Mama, don a ja mutum ya sunsuna. Wanda wani abu ke cutar da shi, mai haɗawa ya kamata ya tambaya."

Mama ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka je har gaban mai haɗawa, ka tsaya hira da kati."

"Ta yi mutane da yawa ranar."

"Ranakun da kake kai tabarau fa, ba ta yi mutane da yawa ba?"

'Yar Kwalba ta sunkuyar da kai. Sannan ta fito da wata ƙaramar kwalba marar kati.

"Wannan babu wardi a ciki. Amma kar ki yarda da ni. Ki ɗiga a hankici, ki ajiye shi a wani ɗaki ya wuni. In wani abu ya taso, ki gaya mini in sake."

"In kuma na ce ban yarda da goge-gogen nan ba har yanzu?"

"Ni ma ban so ba. Na gaya wa Baba tun lokacin, ya ce in na buɗe shagona in rubuta ashirin ɗin."

Mama ba ta yi dariya ba, amma ta karɓi kwalbar.

Washegari da la'asar saƙo ya shigo wayar 'Yar Kwalba daga lambar da ba ta sani ba.

"Hankicin ya wuni lafiya. Sandal ya ɗan yi yawa. Ki gaya wa babanki ƙannen mahaifin yaron nan za su zo."

Bayan shi sai na Mai Tabarau.

"'Yar Kwalbata, na yi laifi. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ka sani, ni ma ba duka aka rubuta ba. Ka riƙa tambaya."

An ɗaura aure ba da daɗewa ba, cikin 'yan uwa da maƙwabtan titi. Mai shagon waya ma ya zo, ya ci abinci sosai. Da aka kawo amarya, Mama ta zaunar da su a gabanta, ta kama hannun surukarta ta riƙe.

"Na tambaye ki abin da zai iya raba ki da ɗana, kika faɗa mini yadda yake," ta ce. "Haka nake so ku zauna. Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin. Baba ya cire tabarau ɗinsa ya goge ido, ya ce turaren da aka fesa ne ya yi masa yawa.