Mai Wannan Suna Ta Koma Gida

Ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf a bakin ƙofar ofishin jakadanci kafin layi ya iso kanta. 'Yar Kaka ake kiranta, don kakarta ce ta raine ta bayan rasuwar iyayenta, har Gwaggo ta ɗauko ta zuwa ƙasar waje da sunan karatu, ta ƙwace fasfonta, ta mayar da ita 'yar wanke-wanke. Yanzu ga Kaka kwance ba lafiya tana ta kiran sunanta, Gwaggo kuwa ta ce fasfo ya ɓata.

Jami'in da ke bayan gilashi ya danna na'ura, ya ɗago ya yi mata kallon ɓarauniya. "Mai wannan suna ta koma gida tun bara. Ke wace ce?"

Sai ta tuna, bara ne Gwaggo ta tura 'yarta gida, wadda suke kama kamar an tsaga kara. Ashe da fasfonta ta tafi. "Wallahi Yallaɓai ni ce, ku tambayi gwaggona."

Aka kira Gwaggo. Ta shigo tana ƙamshin turare, ta dube ta sama da ƙasa ta taɓe baki. "Tsintar ta na yi a titi na taimaka mata. Ban haɗa komai da ita ba."

"Gwaggo, ni ce fa 'yar yayanki..."

Aka ce ta ɗora yatsa a na'ura. Ta ɗora, ta goge, ta sake ɗorawa, shiru. Omo da ruwan zafi sun cinye zanen yatsunta. Maigadi ya tasa ƙeyarta waje, da ta koma gida kuma ta tarar da kayanta watse a bakin bene.

Wata tsohuwa mai share tashar jirgin ƙasa ce ta ba ta gefen ɗaki. Kullum sai ta shafe mata hannu da mai, ta hana ta taɓa ruwan sabulu. "Yi shiru 'yar nan, Allah ba ya barci." Ta yi ta zarya ofishin, yau a ce na'ura ta lalace, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, a waya kuma muryar Kaka sai ƙara dusashewa take.

Ranar da fatar ta warke, tana ɗora yatsa hotonta ya bayyana. Jami'in ya kasa haɗa ido da ita. Bincike ya tona komai, aka cafke 'yar Gwaggo a can gida, aka zo da Gwaggo cikin ankwa, ba ɗankwali, tana rusa kuka. "Ki rufa min asiri 'yata, jini ɗaya muke!"

'Yar Kaka ta dube ta hawaye na zuba. "Ai kin ce a titi kika tsince ni, Gwaggo."

Ta karɓi sabon fasfonta da hannu biyu, ta fito ta kira gida. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a kanga ta a kunnen Kaka.

"Kaka, ki daure ki jira ni. Ga ni nan tafe."